Lefen Yasira a Gidan Gwaggo

Yasira na tsugune gindin murhun banda tana juya tarwaɗa, hayaƙi na cin idonta, sai wayarta ta yi ƙara. Sadiq ne, ma'aikacin jinya a Yelwa, wanda shekara biyu ke nan take sonsa kamar ranta. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da maganar. 'Yan'uwansa za su kawo lefe ranar Asabar, amma ba nan Wara ba, a gidan Gwaggo Hajara, ƙanwar marigayi babanta da ke Yelwa, yake so a karɓa. Wai yayarsa Shamsiyya ba ta jure ƙarnin kifi, shi kuma bai taɓa gaya wa gidansu cewa bandar kifi ce sana'ar Inna, mahaifiyar Yasira, ba.

"Pilis, Yasira, yini guda na fa. In an ɗaura aure mi za su iya yi?"

Ta amince, ba tare da ko ja ba. Dama tun da ta haɗu da shi ta tsargu da kanta, wanka uku take yi kafin ya zo zance, ta yi ta sansanar mayafinta kamar mai neman laifi. Inna ma ba ta musa ba, cewa ta yi in dai ɗiyarta za ta samu gidan zama, a kai lefen ko'ina.

Ranar Asabar suka bi motar farko. Da yake uwa ba ta zaman karɓar lefe, Inna ta shige madafa tana suyar kaji, Yasira kuma ta ɓuya a uwar ɗaki bayan labule. 'Yan'uwan Sadiq suka iso, aka jere akwatuna, aka rangaɗa guɗa. Can Inna ta kawo faranti bakin ƙofa. Shamsiyya ta bi hannunta da kallo, baƙi ƙirin duk ya tsattsage, ta yatsine fuska ta tambayi ko wace ce.

"'Yar aiki ta, daga ƙauye muka ɗauko ta don yau," in ji Gwaggo, ko kunyar Allah babu.

Shamsiyya ta ce to ta riƙa wanke hannu kafin ta taɓa abincin mutane. Inna, da furfurarta, ta durƙusa ta ce, "To, Hajiya."

Wannan "to" ɗin ce ta karya zuciyar Yasira. Amarya ba ta fitowa ranar lefe, amma ta yaye labule ta fito, ta kama Inna ta tashe ta tsaye. Ta ce, "Wagga ba 'yar aiki ba ta. Innata ta, ita ta haihe ni. Banda muka yi a Wara, da shi ta yi mini karatu, kuma ni ma shi nika yi."

Kafin la'asar an zuge akwatuna an maida su mota.

Sadiq ya kira yana faɗa, wai ta tozarta shi gaban danginsa. Abu guda ta roƙe shi: ya zo Wara ya gaida Inna a inda take aikinta, ya ce wa gidansu ya san komai kuma ya yarda. Sai ya kashe wayar. Bayan wata huɗu aka kawo labarin ya yi aure.

Yasira ta yi kuka har ta rame. Gwaggo ta yanke hulɗa da su, matan bakin ruwa suka maida ta abin hira, kuma har yau babu wanda ya sake yin sallama da ita. Abin takaicin, son Sadiq bai fita ranta ba.

Wata rana Inna ta dube ta cikin tausayi ta ce, "Da kin yi kurum, ɗiyata. Ni ban ji zahi ba."

"Kin ji, Inna. Na ga idonki."

Haƙurin Yasira bai kawo mata miji ba, kuma ban san ko wani zai zo ba. Amma ku sani, 'yan mata, wanda ya ce sai kin ɓoye asalinki zai aure ki, ba ke yake so ba. Yasira ta rasa Sadiq, tana kukan rashinsa, sai dai ko sau ɗaya ba ta yi nadamar yaye labulen nan ba.