Murfin da Mudi Ya Ɓalle

Bayan sallar isha'i Yaya Sabi'u, ɗan wan babanmu, ya tara mu a barandar gidan kakarmu a Bukuru. Ya ce a rage fitila.

"Wannan ba tatsuniya ba ce," ya ce ƙasa-ƙasa. "A bakin mai abin na ji. Wanda ya san zai yi fitsarin kwance ya tashi tun yanzu."

Ba wanda ya motsa. Ga abin da ya ba mu.

Akwai wani bakanike a bakin tasha, sunansa Haladu. Ba ya taɓa motocin zamani. Aikinsa tsofaffin motoci masu inji a baya, waɗanda ba su da lagireto, iska ce ke sanyaya su. Mutum ne mai shiru-shiru, mai kaurin hannu.

Matarsa Kande tana da ƙane, Mudi, ɗan gwangwan. Duk inda tsohon ƙarfe yake Mudi zai je ya ɓallo shi ya kai sikeli. Wata safiya ya fita da buhunsa da gudumarsa, bai dawo ba. Aka duba asibiti, aka duba wurin 'yan sanda. Shiru. Kande ta daina cin abinci.

Ran nan da rana tsaka, makanikai duk sun tafi wurin mai abinci, Haladu kaɗai ne a gareji. Sai ya ji sanyi a bayan wuyansa. Ya waiwaya. Wani dogon mutum na tsaye, da farar riga har tana jan ƙasa. Bai yi sallama ba.

"Kai ne Haladu?"

Leɓen mutumin ya gama motsi kafin maganar ta iso. Muryar kuma kamar daga ƙasan rijiya.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ɗauko sifanarka. Mudi na jiranka."

Haladu ya tuna idon Kande, ya ɗauki jakar kayan aiki, ya bi shi.

Suka bar gari a ƙafa. Suka bi siririyar hanyar nan ta bayan tafkin kuza, inda Turawa suka haƙa suka bari. Ba kukan tsuntsu. Ba iska. Haladu ya sunkuyar da kai yana duban jar lakar hanya. Sawunsa na nan. A gabansa kuwa, inda dogon ke takawa, kofato ne, irin na jaki.

Ya so ya yi addu'a, harshensa ya yi nauyi.

Cikin itatuwan turare akwai kangon gidan wani Bature. A gefen kangon mota ce, ja, 'yar ƙasa-ƙasa, mai kujera biyu, ba rufi. Irin ta tsere ta zamanin da. Tayoyinta sun ruɓe, ciyawa ta fito ta cikinsu, amma fentinta na ƙyalli kamar yanzu aka wanke. Kuma injinta na aiki. Ba batir. Tankin a huje. Amma yana aiki, yana tari, zafi na tashi daga gare shi kamar bakin tanda.

Sai ya ga Mudi.

Mudi na rataye a bayan motar. Ba igiya, ba reshe. Ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. Tafukan hannunsa sun saɓule. Ido ɗaya ya kumbura ya rufe.

"Yaya," ya ce. Iyakar abin da ya iya ke nan.

Dogon ya nuna wani lanƙwasasshen kwano a ƙasa. Haladu ya gane shi nan take. Murfin kular mai ne. Kula wani ɗan abu ne mai haƙarƙari da baƙin mai ke bi ta ciki ya huce. Murfin shi ke tara iskar fanka ya tura ta cikin haƙarƙarin. In babu shi, iskar ta watse, mai ya tafasa.

"Tun da Baturen ya tafi iyalina ke zaune cikin injin nan," in ji dogon. "Wannan ya zo da guduma ya ɓalle mana rufi. Zafi ya kashe mini 'ya. Sauran suna can suna ƙonewa. Mu ba ma taɓa baƙin ƙarfe. Kai za ka mayar."

"A kashe injin tukuna, ya huce."

"Ba a kashe shi. Da shi muke numfashi."

Haladu ya durƙusa. Murfin ya lanƙwashe, ramukan noti ba za su hau ba. Ya ɗora shi kan dutse, ya ɗaga guduma, ya buga.

Mudi ya ƙwalla ihu. Wani abu ya ce ƙas a ƙirjinsa.

Haladu ya saki gudumar.

"Abin da ka yi wa murfin, shi ka yi wa," in ji dogon. "Ci gaba."

"Ba zan iya ba."

"To ku kwana nan, ku biyu."

Mudi ya tofar da jini. "Yaya, buga. Buga ka gama."

Haladu ya buga. Yana bugawa yana kuka. Kowane bugu, jikin Mudi ya girgiza a sama kamar nama a ƙugiyar mahauci. Da ya ga haƙarƙarin Mudi ya lotsa, sai ya jefar da gudumar, ya sa gwiwa da tafin hannu, ya miƙar da sauran a hankali. Gefen kwanon ya yanke shi. Bai ji ba.

Robar da ke toshe bakin murfin ta ɓace. Ya cire takalminsa na taya, ya yanko siririn zare da wuƙa, ya liƙa. Notocin kuwa a aljihun Mudi ya same su, sun jiƙe da jini.

Ya tunkari injin. Gashin hannunsa ya ƙone tun kafin ya taɓa komai. Ya zura murfin a kaikaice, ya juya shi, ya ji ya zauna kan kular. Daga can ciki yana jin wasu ƙananan muryoyi suna nishi, kamar 'yan kyanwa a cikin buhu.

Ya ɗaura na farko. Ya ɗaura na biyu. Na gaba ya suɓuce daga yatsunsa ya faɗi ƙasa.

Dogon ya ɗaga yatsa ɗaya. Hannun Mudi na hagu ya juya baya, ya karye a gwiwar hannu. Wannan karon ko ihu bai yi ba. Kansa kawai ya langaɓe.

Haladu ya lalubo notin cikin ciyawa, ya goge a riga, ya ɗaura.

Saura na ƙarshe. Raminsa na can ƙasa, dab da fanka. Fankar kuma na juyawa, ba a ma ganin fikafikanta. Ya gwada da filaya, ba ta kai ba. Ya gwada ta ƙasa, ba hanya. Ya dubi Mudi. Ya ce bismillah a zuciyarsa, ya cusa hannun dama.

Notin ya kama. Ya murza sau ɗaya. Ya sake murzawa. Sai fankar ta same shi.

Ta tafi da yatsu biyu. Jini ya fantsama a jan fentin har ba a bambance su. Haladu ya faɗi, ya tashi, ya kama sifana da hagu, ya ƙarasa ɗaurewa da haƙoransa a cije.

Nan take ƙarar injin ta sauya. Tarin ya tsaya. Zafin ya fara sauka. Muryoyin ciki suka yi shiru.

"Na gama," in ji Haladu. "Ba ni shi."

"Na ce yana jiranka. Ban ce zai bi ka ba."

Haladu ya mayar da sifanar kan noti.

"To zan kwance notin."

Bai ga hannun da ya mare shi ba. Sai dai ya ji shi a jikin bangon kango, haƙoransa biyu a cikin bakinsa. Ya tofar da su. Ya rarrafo. Aka sake ɗaga shi aka maka da ƙasa. Ya sake rarrafowa, yana jan ƙafa, sifanar na hannunsa. Ya ɗora ta kan notin, ya sassauta shi kaɗan. Injin ya yi tari.

Sai wata murya ta fito daga cikin injin. Ta mace ce, a gajiye.

"Sake su. Ɗaya ta ishe ni binnewa."

Mudi ya faɗo ƙasa tim. Haladu ya matse notin.

Dogon ya sunkuyo, ya kama guntun hannun Haladu, ya tofa masa wani abu baƙi kamar tsohon mai. Jinin ya tsaya cak.

"Tafi. Kada ka waiwaya."

Haladu ya saɓi Mudi a kafaɗa. Harshensa ya saki, ya kama Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Duk tsawon hanyar tafkin yana jin motar a bayansa, a hankali, ƙarfen ƙafafunta na gurzar dutse. Sai da ya taka kwalta ƙarar ta ɗauke.

Mudi ya rayu. Amma har yau a karkace yake tafiya, ƙirjinsa da lotsa-lotsa kamar kwanon da aka buge, kuma in ya ji ƙarar guduma sai ya faɗi yana shure-shure. Shi kuwa Haladu, hannun nan bai ƙara ɗumi ba. Yana kama salansar mota mai zafi kamar ya kama randa. Matarsa ba ta yarda ya taɓa jariri da shi.

Nan Yaya Sabi'u ya dasa aya. Can nesa, wajen tafki, wata mota ta tayar da inji. Muka ƙanƙame juna.

"Ku ji ni da kyau," ya ce. "Hanyar bayan tafkin nan, ko da rana tsaka, kada wanda ya bi ta shi kaɗai. In kuma kun ga ƙarfe yashe a daji yana ƙyalli, ku bar shi. Da masu shi a ciki."