Ya Duba Hanyar Daga Ƙasa

Ranar da ya fara shigowa shagon Baba, keken ne a kafaɗarsa maimakon shi a kan keken. Ƙafar keken ta gaba ta lanƙwashe, gwiwarsa na zubar da jini, ga gwangwanin fenti ruwan ɗorawa rataye a bayansa yana ɗiga masa a riga. Baba ya fita. Auta ce kaɗai a shagon, zaune kan benci da wilin keke a cinyarta tana ɗaure wayoyinsa.

"Sannu da aiki. Mai shagon fa?"

"Ya fita. Ajiye shi nan in gani."

Ya dubi fuskarta, ya dubi hannunta da ya yi baƙi ƙirin da giris, ya ɗan yi jim. Ta saba da irin wannan jim ɗin na maza, har ta daina jin haushinsa.

"Ke za ki gyara?"

"A'a, addu'a zan yi masa."

Ya yi dariya har ya manta da gwiwarsa. Ita ba ta yi ba, amma ta miƙa masa auduga da ruwan wanke ciwo, abin da ba ta taɓa yi wa wani mai keke ba.

Jagora ake ce masa a kwarin kogin da suke zaune. Duk ƙarshen mako mutane kan zo daga gari da kekunansu masu faɗin taya su bi hanyoyin tsakuwa da ke bin kogin, shi ne kuma ke fitar musu da hanya. Yakan zana kibiya da fenti a jikin duwatsu, daga tsohuwar gadar ƙarfe zuwa kangon injin niƙa da ke kan tudu, a biya ta inda ruwa ke faɗowa daga saman dutse, sannan a gangaro doguwar gangara da ke ƙarewa daidai ƙofar shagon Baba. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya sakin mutane a hanya sai ya bi ta da kansa ana gobe za a fita.

Daga ranar nan kekensa ya koyi lalacewa. Yau birki, gobe sirdi, jibi wata ƙara da babu mai jin ta sai shi.

Wata ranar da yamma saƙonsa ya shigo wayarta: "Injiniyata, yau na tsaya a kangon injin. Zalɓe sun cika tsibirin nan na tsakiyar kogi. Na juya zan ce miki duba, sai na tuna ba kya nan."

Ta mayar masa: "Mai Kibiya, ka dinga kallon gabanka. Audugar shagonmu ta kusa ƙarewa."

"Idan na faɗi ai gurinki za a kawo ni."

"Za a kawo keken dai. Kai kuma ban san inda zan sa ka ba."

"Kin sani."

Ta kife wayar a ƙirjinta. Ta sani ɗin, kuma son da take masa ya riga ya wuce inda za ta iya ɓoyewa.

Yayanta ne ya fara ganewa. Yaya magidanci ne, ma'aikacin gidan ruwa, yana da mata da 'yar jaririya, amma idan ya hau keke sai ka rantse bai san nauyin kowa ba. A gangara babu mai shan gabansa. Shi ya tsaya wa Jagora a gaban Baba, domin Baba bai so abin ba.

"Mutumin da sana'arsa yawo ce?" in ji Baba. "Ga wannan yaron mai kawo mana kayan safaya, yana da shago, ana sanin inda za a same shi."

Ɗan Safaya kuwa ana samun sa, har fiye da yadda ake buƙata. Zai kawo sarƙa guda ɗaya ya zauna wuni, yana gyara agogon hannunsa yana ba Auta labarin kansa. Ita dai takan ba shi kujera ta ci gaba da aikinta.

Aka yi ruwan sama mai ƙarfi ana saura kwana biyu a fita. Da gari ya washe, ranar duba hanya, Auta ta tura wa Jagora saƙo: "Ka biyo ta shago kafin ka hau. Baba ya tafi gari, ina son in gan ka ko na minti biyar ne."

Ya biyo. Minti biyar ta zama hantsi. Da zai tafi, maimakon ya zagaya ta gadar ƙarfe ya faro hanyar daga farkonta kamar kullum, sai ya ce tunda ga shi a ƙasa bari ya haura ta gangarar, hanya dai ɗaya ce. Ya haura a hankali yana haki. Tun daga nesa ya hango inda ruwa ya cinye rabin kwalbatin da ke tsakiyar gangarar. Ya tsaya, ya shafa wa wani dutse fenti a bakin ramin, ya ce a ransa ko makaho ya ga wannan. Ya wuce.

Mai hawa ne ke hango ramin daga nesa. Mai saukowa ba ya ganin komai, domin akwai kwana da kafaɗar dutse a gabansa, yana fitowa daga kwanar kuma ramin na ƙarƙashin tayarsa. Washegari da masu keke suka gangaro, Yaya ne a gaba.

A asibiti likita bai yi kwana-kwana ba. Lakar bayansa ta taɓu. Zai rayu, hannuwansa lafiya, ƙafafun ne dai sai abin da Allah ya yi. Matar Yaya ta zauna a ƙasan baranda da jaririya a hannu, ba ta yi kuka ba, ta dai ƙura wa bango ido. Baba ya tsufa a yinin nan.

Jagora ya zo da jinin Yaya a rigarsa, shi ya ɗauko shi daga ramin. Ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, na duba hanyar. Daga ƙasa na duba ta, ban sauko ta sama ba. Laifina ne."

"Tashi ka ba ni wuri," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa. "Kada in ƙara ganin ka a ƙofata, ko kai ko kekenka."

Jagora bai ambaci saƙon Auta ba, ko da kalma ɗaya.

Ɗan Safaya ya cike gurbin da bakinsa. Ya bi masu keke da maƙwabta yana cewa shi da idonsa ya ga Jagora a shagon har rana ta take, babu wata hanya da ya duba. Rabin maganar gaskiya ce, shi ya sa ta zauna a kunnen mutane. Auta ta tura wa Jagora saƙo, ta sake turawa.

"Ka yi min magana."

"Ana cewa ba ka hau ba sam. Ka ce min ƙarya ne."

"Idan guduwa ka yi, ka faɗa min in sani."

Shiru. Ta yi fushi da shi irin fushin da ke hana cin abinci, kuma a ƙarƙashin fushin akwai abin da ya fi shi ciwo, wanda ba ta gaya wa kowa ba.

Wata safiya ta ɗauki keken shago ta zagaya ta gadar ƙarfe. Ba ta kalli zalɓe ba, ba ta tsaya a kangon injin ba. Ta gangaro tana matse birki har yatsunta suka sandare, amma duk da haka da ta fito daga kwanar sai da gabanta ya faɗi. Ramin na nan dab da ita. A cikinsa kuma ga Jagora da baro da shebur, yana jera duwatsu. Ya rame, leɓensa ya bushe.

"Me ya sa ba ka amsa ni ba?"

"Me zan ce miki? In ce ki yi haƙuri? Ba ta isa ba."

Ta sauka ta tura keken zuwa ƙasa, ta juyo ta kalli wurin daga can. Ga ramin fili, ga dutsen da ya shafa wa fenti yana ta haske. Ta daɗe a tsaye. Da ta dawo hawaye sun wanke mata fuska.

"Da ban kira ka ba, ta sama za ka faro."

"Ke kira kika yi. Ni ne na san aikin, ni ne na karya ƙa'idata. Kada ki ɗauki wannan, Injiniyata, ba naki ba ne."

"Namu ne. Kuma ba zan bar ka ka ɗauka kai kaɗai ba."

Ranar ta sami Baba a shago yana riƙe da sifana bai ɗaure komai ba. Ta nuna masa saƙon a wayarta, ta gaya masa abin da ta gani daga sama da abin da ta gani daga ƙasa. Baba ya karanta, ya miƙa mata wayar. Bai zage ta ba, ita kuwa da zagin ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya daina kallon ta idan suna aiki.

Aka sallamo Yaya. Gidansu a saman shagon yake, matakala ce mai tsayi da ƙunci, keken guragu ba ya hawa. Duk ranar asibiti sai an sauko da shi a goye, an mayar da shi a goye. Baba ke yi, ya hana kowa. Auta na bin su a baya tana jin yadda numfashinsa ke fita, tana ganin gwiwoyinsa na karkarwa a kowace taka. Ɗan Safaya ya zo dubiya da lemo a leda, ya tsaya daga bakin ƙofa yana toshe hanci a fakaice, daga nan sai yaron shagonsa ya riƙa kawo kayan.

Yaya ya zama mai shiru. Wani lokaci ya jefar da kofi, wani lokaci ya juya wa bango fuska idan aka miƙo masa 'yarsa. Wata rana da azahar, bayan Baba ya kwantar da shi ya zauna bakin gado yana dafe da ƙugu, Yaya ya yi magana.

"Baba, ku bar Auta ta auri mutumin nan."

"Wanda ya kwantar da kai?"

"Shi. Kada ku ɗauka na yafe masa, ban yafe ba tukuna, ban san ranar da zan iya ba. Ni ma na san an yi ruwa, na saki birki kamar ba ni da iyali. Amma ina kwance ina jin ta tana kuka a bayi ta buɗe famfo don kada a ji. Ni nawa ya riga ya faru. Ita nata a hannunku yake."

Baba ya tashi zai fita, bayansa ya riƙe, sai da ya dafa bango.

Ranar asibiti ta zagayo. Auta ta tura wa Jagora saƙo ba tare da ta tambayi kowa ba: "Ka zo gobe da safe. Ka tsaya a gindin matakala. Idan an kore ka, ka tafi, amma ka zo."

"Zan zo."

Ya zo. Baba ya fito saman matakalar da Yaya a bayansa, ya gan shi a ƙasa, ya ɗaure fuska. Ya sauko taka ɗaya, ya sauko ta biyu, a ta uku ƙafarsa ta ƙi. Ya tsaya yana rawa, hannu ɗaya a bango, ɗansa a bayansa, matar Yaya ta toshe baki. Jagora bai motsa ba, don ba a ba shi izini ba, amma hannuwansa na miƙe.

"Hawo," in ji Baba.

Ya hawo. Aka juya Yaya daga bayan uba zuwa bayansa a cikin ƙuncin nan. Yaya ya saƙalo wuyansa.

"Ka kula da gabanka," ya ce masa a kunne, ba da wasa ba.

"Zan kula, Yaya."

Baba ya zauna a kan matakalar ya rufe fuskarsa da tafin hannu. Auta ta zauna kusa da shi. Can ya ɗora hannu a kanta, karo na farko tun ranar da ta nuna masa wayar.

Ba a yi taro ba. A falon sama aka ɗaura auren, saboda Yaya ya halarta, mutane kaɗan, babu kiɗa. Ango ya kama ɗaki a bayan shagon don ya kasance kusa duk ranar asibiti. Da baƙi suka watse, ya zo ya durƙusa gaban Baba, Auta a gefensa kanta a ƙasa. Baba ya daɗe yana kallon su.

"Ban ba ka ita don zuciyata ta huce ba," ya ce a ƙarshe. "Na ba ka ne don ba ka yi min ƙarya ba. Ka riƙe min ita."

"Zan riƙe, Baba."

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya sa kada ku ga abin da na gani a kan 'ya'yanku."

Aka ce amin. Daga kan gadonsa Yaya ma ya ce amin, a hankali, bayan kowa ya gama.