Sawun Ƙafa a Cocin Turawa

Da hantsin Asabar aka kai wa Sufeto Mannir rahoto cewa an yi sata a ɗan tsohon cocin nan da ke bayan ganuwa, wanda mutanen Katsina ke kira Cocin Turawa. Ba kuɗi aka ɗauka ba. Littafi ne, wanda ake rubuta sunan duk wanda aka yi wa baftisma tun zamanin mulkin mallaka.

Madam Jummai, sakatariyar cocin, ita ta tarye shi. Ta ce mutanen wani tsohon cocin ƙauye a Ingila ne suka gina wannan. Yanzu suna tattara tarihinsu na shekara ɗari bakwai, sun roƙi hoton shafukan littafin don su sa a intanet.

"Jiya da safe muka shafa wa daɓe jan fenti, muka bar ƙofar gefe a buɗe ya sha iska. Yau na tarar an ɓalle kabad."

Mannir ya durƙusa. Sawun ƙafa ne ba takalmi, ƙarami, daga bakin ƙofa zuwa kabad.

"Kuna tuɓe takalmi in za ku shiga?"

"A'a, ranka ya daɗe. Da takalmanmu muke shiga."

Ya gane. Wanda ya saba da masallaci ne, ya zo ɗakin ibada ƙafarsa ta tuɓe kafin kansa ya yi tunani.

Musulmin da ke aiki a wurin ɗaya ne tak, Malam Yari maigadi, kuma tun da safe dattawan coci suka sa aka rufe shi a ofishin 'yan sanda. DPO na son a kai shi kotu ranar Litinin. Mannir ya je can ya same shi.

"Baba, jiya ka bar ƙofa?"

"Ko nan da can ban je ba."

"Ke nan ba ka yi Juma'a ba."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Na tafi, ɗana. Tsoro na ji kada su sallame ni. Shekara ashirin da shida ina gadinsu, ko tsinke bai taɓa ɓata ba."

Mannir ya sa ya ɗaga ƙafa. Faffaɗa ce, duk faso, ba ɗigon ja ko ɗaya.

Ya koma wajen Jummai. "Wane baƙo ya taɓa ganin littafin?"

"Babu."

"Madam, dattijo na kwance a kan siminti."

Ta rage murya. "Akwai waɗanda suka sa hannu da ajami, ba mu iya karantawa. Ranar Laraba na ɗauko wani tsohon hedimasta daga Ƙofar Durbi a ɓoye, don dattawa ba za su yarda ba. Malam Sada."

Mannir ya san sunan. Malam Sada ne ya koya masa riƙon fensir.

Ya fara biyawa ta wajen limamin unguwar, sannan ya sami malam a zaure bayan La'asar. Suka gaisa a tsanake, gajiya, iyali, aikin gwamnati. Takalman malam suna ajiye a bakin tabarma. Cikinsu ya yi ja, da shatin yatsu biyar.

"Malam, a ina ka yi Juma'a jiya?"

"Nan unguwa, inda na saba."

"Liman ya ce gurbinka a sahun gaba wani ne ya tsaya."

"Mannir, ni kake wa jarrabawa? Kai da na sha fama da kai kan lissafi?"

"Ban manta ba, Malam. Kai ka ce mana alli ba ya ɓuya a hannun wanda ya taɓa allo." Ya tura masa takalmin.

Malam Sada ya dubi jan fentin da ke ciki. Ya shiga cikin gida, ya fito da littafin naɗe cikin farin ƙyalle. Ya buɗe wani shafi, ya ɗora yatsa a kan wani suna.

"Inno. Mahaifiyata ce. Tana yarinya kuturta ta kama uwarta, aka kai su asibitin mishan, can aka zuba wa Inno ruwan baftismar nan. Ta girma, ta dawo Musulunci, ta je Makka, ta rasu ba ta faɗa wa kowa ba. Yanzu Turawa za su baza ta a waya, kowane ɗan unguwa ya karanta. Ɗiyan ɗiyana su zama jikokin kuturwa, jikokin arniya. Ka san bakin garin nan."

"Me ya hana ka ƙone shi?"

"Na kunna ashana har sau uku. Rubutun hannunta ne, Mannir. Ba ni da wani."

"Yari fa? Da kana nan zaune za a ɗaure shi?"

Malam ya shiga mayar da littafin cikin ƙyallen. Wannan ya fi komai yi wa Mannir zafi.

Bai sa masa ankwa ba. Ya karɓi littafin, ya jira tsohon ya sa hula. Maƙwabta sun fara leƙowa da suka ga motar 'yan sanda.

A ofis aka buɗe wa Yari. Ya fito yana karkaɗe riga, Jummai ta gaya masa a hankali cewa dattawa sun riga sun ɗauki sabon maigadi.

Malam Sada ya dube ta daga bayan kantar 'yan sanda. "Baiwar Allah, alfarma ɗaya. Shafin nan ɗaya, a tsallake shi."

Ta kau da ido. "Baba, tun ranar Alhamis na ɗauki hoton duka, na aika musu."

Ya zauna a kan benci, ya tuɓe takalmansa, ya ƙura wa jan tafin ƙafarsa ido, har wani kofur ya zo ya taɓa kafaɗarsa.