Hantar Yaya

"Auta, faɗa min gaskiya, budurwa yayanki ya yi?"

Matar Yaya ce ta tare ta a barandar asibiti. Auta ta ɗago jajayen idanu.

"Budurwa kuma?"

"To me zan ce? Ya daina cin girkina in da mai, mota ya ajiye sai tafiyar ƙasa, wando har zamewa yake! Yau na biyo sawunsa, sai ga shi ya shigo nan..."

A ɗakin da ke bayan Auta mijinta ne kwance, hantarsa ta gama lalacewa, ciki ya cika da ruwa. Likita ya ce sai an dasa masa ɓangaren hantar wani. An gwada ta da danginsa, ba wanda ya dace. Yaya kuwa, da ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, shi ya ƙi auren, ya ce direba ba sa'anta ba ne. Ko ɗaurin auren bai je ba.

Sai ga Yaya ya fito daga ofishin likita, auduga manne a hannu.

"Yaya... me ka yi?"

"Da sun ce hantata ta yi kitse. Yanzu sun ce kitsen ya narke, ta dace da mijinki."

Matarsa ta dafe ƙirji, ta sulale kan benci.

"Ba ka ji abin da likita ya ce ba?" in ji Auta. "Ciwonsa ya yi nisa, ƙodarsa ma ta fara gazawa. Ko an dasa, ba lallai ya tashi ba! In na rasa shi na rasa ka fa? Yaranka fa?"

"Na ji. Ya kuma ce irinsa da yawa sun tashi."

"Yaya, ina son shi kamar raina, amma wallahi ba zan roƙe ka ba..."

"Wa ya ce ki roƙa? Matsa min, sarkin kuka."

Ya juya ga matarsa. "Uwar yara, ki yafe min ɓoyon. Kin yarda?"

Ta dube shi, ta gyaɗa kai. "Gara a ce budurwar ce," ta ce cikin hawaye.

Suka shiga. Kwanakin nan ciwon yana juya wa mijin Auta hankali, bai san jiya daga yau ba. Auta ta kama yatsunsa.

"Masoyina, ga Yaya."

Ya buɗe idanun da suka zama rawaya, ya yunƙura zai durƙusa a kan gadon.

"Yaya... na zo neman Auta. Ba ni da komai, amma ba zan bar ta ta yi kuka ba. Ka ba ni ita..."

Auta ta toshe baki. Yaya ya zauna bakin gadon, ya mayar da shi kan matashi a hankali, ya gyara masa bargo.

"Na ba ka," ya ce. "Na ba ka, ƙanena. Kai dai ka tashi ka riƙe ta."