Yadda Muzuru Ya Sami Sunansa

Wai a zamanin da, akwai wata tsohuwa a bakin wani ƙauye, ba ta da kowa, ba ta da komai sai kajinta. Da ƙwansu take samun abin sawa a baki.

Wata rana da tsakar rana wani naman daji mai kama da kyanwa, wanda ba a san sunansa ba, ya tsallako danga ya cafke kaza ɗaya. Tsohuwa ta yi kururuwa. Maƙwabcinta mafarauci yana zaune a inuwa, bakansa a gefe. Ya duba, ya ga ba tasa ba ce, ya yi zuru.

Kashegari naman nan ya dawo. Tsohuwa ta yi kururuwa, mutane suka leƙo, suka yi zuru. Haka dai har akurki ya zama wayam.

Tsohuwa ta ɗaure 'yan tsummokaranta za ta bar gari. Mafarauci ya tare ta a hanya ya ce, "Iya, wai wace dabba ce ta yi miki wannan ɓarna?"

Ta ce, "Ɗana, da tana yi, ku me kuka yi?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mu zuru muka yi."

Ta ce, "To, sunanta ke nan." Ta wuce, ba ta waiwaya ba.

Ba a jima ba naman nan ya shiga akurkin mafarauci. Yara suka ce, "Ga muzuru!" Mafarauci ya yi kururuwa. Gari ya yi zuru.