Saniyar Kuɗin Shari'a

"Babanki ya ci shari'a, ya ci saniya, ya ci aurena!" Bawa ya faɗa daga bayan shingen ƙaya.

"Haba masoyina... ni ce alƙali?" Madina ta ce, hawaye na bin kumatunta.

"Ba ke ba ce. Amma da mi zan zo neman ki?"

Shekarar da naira ta fito ne Malam Basharu, mahaifin Madina, ya kai su Bawa gaban alƙalin Gwandu kan 'yar hanyar da ta ratsa gonarsa daga rugarsu zuwa cikin garin Malisa. Alƙali ya ce a rufe hanya, wanda ya faɗi kuma ya biya kuɗin shari'a. Mutanen ruga ba su ajiye kuɗi ba. Sai aka kamo jar saniyar da marigayiya Inna Mairama ta bar wa ɗanta Bawa, wadda kowa ya san ita ce sadakin Madina, aka ɗaure ta a gidan Malam. Malam kuwa in ya kafe, ko shi ba ya iya lallashin kansa. Ya ce ranar kasuwar Kalgo za a sayar da ita.

Tun ranar saniyar ba ta ci ba. Da almuru ya yi sai ta miƙe, ta fuskanci rufaffiyar hanya, ta yi wani siririn kuka kamar tana amsa kira.

Ana gobe kasuwa Madina ta kai mata dusa, sai ta ji kiran da kunnenta. Muryar mace ce can cikin dawa, a hankali, irin ta mai tallar nono. Babu kowa. Ko ganye bai motsa ba. Ta duba ƙasa, sai ga nono yana ɗiga daga hantsar saniyar da ba ta taɓa haihuwa ba!

Tsikar jikinta ta tashi. "Baba! Baba, taho ka gani!"

Malam ya fito da buta a hannu. Muryar ta sake zuwa, wannan karon dab da shinge. Butar ta suɓuce masa.

"Mairama..." ya ce.

"Baba, kai ma ka ji?"

Ya zauna a ƙasa daɓas. "Randa anka haihe ki uwarki ta rasu, ɗiyata. Babu mai ba ki mama. Kina kuka har muryarki ta dushe. Mairama ta ji labari, ta ratso dawa da ƙwarya, da nonon uwar wagga saniya. Kullum almuru, har kinka yi wayo. Can da babu hanya nan, Madina. Ƙafarta ce ta fidda ta."

"Ita kuma ka rufe, Baba?"

 Malam ya tashi ya kama ƙayar da aka rufe hanya da ita da hannu, yana ja yana kuka, jini na zuba bai ko kula ba. Tausayinsa ya kama Madina har ta manta da tsoro. Ta kwance igiyar.

Saniyar ta bi hanya sannu, kanta a sunkuye, kamar wani na jan ta. Can gaba Bawa na tsaye ya daskare.

"Bawa!" Malam ya ɗaga murya. "Na yafe kuɗin shari'a! Tahi da ita. Gobe ka maido ta da manyanka, ta wagga hanya!"

Madina ta rufe fuska don kunya da murna. Da ta buɗe ido, sai ta ga sawun ƙafar mace a kan rairayi, sabo, babu takalmi. Bai bi saniyar zuwa ruga ba. Ya taho ne daga cikin dawa, ya tsaya daidai gabanta.

Ta durƙusa a hankali. "Na girma, Inna," ta ce cikin kuka. "Ki huta."