Tokar Duron Mudi

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, Mudi mai walda na Ƙaura Namoda ya haɗa wani duro. A ɗura masa ɓawon gyaɗa da totuwar masara, a toshe, su ci wuta a hankali, hayaƙin ya bi bututu ya fito a murhu shuɗiyar wuta. Ba itace, ba kananzir. Matarsa Saratu ta kafa sharaɗi guda: kada a zubar da tokar da zafinta a juji, balle da magariba. Mudi ya yi dariya har da buga cinya.

Wata yamma abokai suka zo kallo. Toka ta shaƙe duron, ga Mudi yana tsakiyar cika baki. Ya miƙa wa ɗiyarsa Nusaiba kaskon garwashi.

"Ruga ki watsar a jujin bayan gida. Innarki ba ta gani."

Ana kiran sallar magariba ta tafi. Ta watsar, ta dawo.

Tun daga ranar, rana na faɗuwa sai tsakuwa ta fara sauka kan kwano. Nusaiba ta zauna gaban duro, tana kuka da muryar tsohuwa.

"Wa ya aike ta juji?" in ji Saratu. Mudi ya duƙufa yana gyaran bututun da bai lalace ba.

Aka ɗauko Malam Hayatu daga Shinkafi. Ya yi ta karatu a kunnen yarinyar har jikinta ya sandare.

"Ke wace ce?"

"Mai jujin. Ɓawon da kunka kwashe shimfiɗata ce, na yi shiru. Sannan kunka watsa wa jikana wuta, ba ko bismilla."

"Yarinya ce, ba ta sani ba."

"To a ba ni wanda ya sani, in sake ta."

Mudi ya durƙusa.

"Ni na aike ta. Dawo kaina."

Aljanar ta dube shi ta idon ɗiyarsa. "Wanga kai mai cike da hayaƙi? Allah ya kiyashe ni."

"Ba wanda za ki hau," in ji Malam. "Nemi abin da bai saɓa wa Allah ba."

"A jiƙa tokar ta huce. Shi zai kai da hannunsa, da safe, da sallama."

Mudi ya rantse. Nusaiba ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta nemi ruwa.

Duro na nan yana dafa tuwo. Kullum da safe maƙwabta suna dariyar ƙato yana yi wa juji sallama, shi kuwa ba ya ramawa. Don tun ranar, ko goro ya miƙa wa Nusaiba, sai ta dubi innarta kafin ta karɓa.